Mashin ɗin Baba yana shaƙewa, na ce kada a taɓa kafiretarsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Nan Ingila ƙarfe 3 ne na rana, Kano kuwa an yi 4, ana shirin la'asar. Wannan da kuke gani a wayata zauren gidanmu ne a Gwammaja, ga Auta riƙe da sukundireba, ga kuma mashin ɗin Baba, Allah ya jiƙansa. Honda CG125 ce. Tun 1975 Honda ta fara ƙera irinta, kuma da gangan aka yi injin ya jure wahala, domin ƙasashe irin namu da ba kullum ake juye baƙin mai a kan lokaci ba.

Wata takwas tana jingine a zaure. Da Auta ya tayar da ita, sai ta tashi lafiya, amma da ya murɗa totur sai ta shaƙe kamar za ta mutu, ta yi tari, sannan ta fizga. Ya kai wa wani bakanike, ko minti biyar bai yi yana dubawa ba ya ce kafireta ta gama yayi, a je 'Yan Babura a Fagge a sayo sabuwa. Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Kafiretar da ke jikinta Keihin ce, wadda ta zo da ita daga kamfani, ba za ka haɗa ta da na kwali da ake sayarwa yanzu ba.

Ta waya na ce, "Auta, ja cok zuwa rabi, ka sake ba ta wuta."

"Yaya, ta ɗan sake, ba ta shaƙe sosai ba."

To a nan na gane inda aka dosa. Cok iska yake ragewa. Idan ka rage iska mashin ya ji daɗi, ma'ana mai ne ba ya isarsa, ko kuma iska tana shiga ta inda bai kamata ba. Muka kwance filogi don mu tabbatar. Ku duba bakinsa, fari fat kamar toka. Da baƙi ne mai kunkunniya, da sai in ce mai ya yi yawa, mu koma kan iyakilina, wato matatar iska, musamman yanzu da hunturu ya cika gari da ƙura. Lafiyayyen filogi kalar shayi da madara yake.

Sai na sa ya rufe mai, ya kwance ɗan sukurun da ke gindin kofin kafireta, ya tara murfin kwalba. Abin da ya zubo ja ne, yana warin tsohon fenti, ga ɗigon ruwa kwance a ƙasa da garin tsatsa. Fetur idan ya daɗe a ajiye yakan bushe ya bar danƙo, wannan kuma na ƙarshen da aka zuba, a galan aka saye shi gun 'yan bumburutu. Ko a nan Ingila masu tsofaffin babura suna kuka da haka, tun da aka koma wani nau'in fetur da ake kira E10 a 2021, saboda sinadarin da ke cikinsa yana janyo ruwa.

Jet biyu ne a cikin kafireta, wato 'yan sukurori masu ƙaramin rami da mai ke bi ta ciki. Babban yana aiki idan ka buɗe wuta sosai, ƙaramin, wanda ake ce wa na silo, shi ke riƙe da mashin daga tsaye zuwa lokacin da ka fara murɗawa. Auta ya ɗaga ƙaramin ya saita shi da hasken ƙofar zaure, ko ɗigon haske bai gani ba. Har ya ɗauko allurar Umma, na ce a'a, ajiye ta. Jet tagulla ce, allura ƙarfe ce, in ka faɗaɗa ramin nan shi ke nan, mashin zai yi ta zuƙar mai har abada, ga fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Silin waya ɗaya ya zaro daga tsohuwar wayar wuta, ya jiƙa jet ɗin a fetur mai kyau, ya zura a hankali, ya busa da famfon keke.

Da aka mayar, sukurun iska muka ɗaure a hankali har ya zauna, muka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Ta tashi, shaƙewar ta ragu, amma silo yana hawa yana sauka shi kaɗai. Na ce ya haska min robar da ke tsakanin kafireta da inji, ya ɗan lanƙwasa ta da yatsa. Ga tsaga nan, ta buɗe baki kamar faso. Ta nan iska ke satar hanya.

Robar kaɗai ya sayo washegari. Wannan bidiyon da ya turo min ne da safe, ku saurara. Ya murɗa, ta amsa nan take, ba tari ba fizga. Sautin nan shi nake ji tun ina yaro idan Baba ya karyo kwanar layinmu da magariba, sai da na maimaita shi sau uku kafin in fita aiki.

Saura tanki. Tsatsar nan daga can take gangarowa, in ba a wanke shi an sa 'yar matatar mai a jikin tiyo ba, jet ɗin zai sake toshewa. Ranar Asabar Auta zai sauke shi, in Allah ya kai mu zan kunna kyamara.