Amsoshin Tambayoyinku: Idan ƙungiyarka ta faɗa gasar 'yan dagaji

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta yau daga wani matashi ce a Zariya. Ya ce ƙungiyar da yake goyon baya tun yana yaro ta faɗi daga babbar gasa, kuma a ƙasan ma ba ta taɓuka abin kirki. Kullum ya je majalisa sai abokai su ce ya haƙura ya koma Barcelona ko Arsenal ya huta. Yana tambaya, shin akwai amfanin ci gaba da bin ta?

To ɗan'uwa, wasiƙarka ta taɓa ni, domin mun ga irin wannan rana a Kano. Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta ci kofin gasar Najeriya sau huɗu: 2008, sannan 2012, 2013 da 2014 a jere. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Wa zai ce irin wannan ƙungiya za ta faɗi? Amma a 2022 ta faɗi. Na tuna washegari a teburin wani mai shayi kusa da Ƙofar Mata, wani dattijo sanye da tsohuwar riga mai ruwan ɗorawa da kore, har lambar bayanta ta goge. Shayinsa ya huce a gabansa bai kurɓa ba. Wani yaro ya ce, "Baba, sai a cire rigar nan." Ya ɗago kai ya ce, "Yau ne ma ranar sa ta."

Shawarata ke nan gare ka. Lokacin da ake cin kofi, kowa masoyi ne, filin Sani Abacha ba masaka tsinke. Yanzu ne ƙungiyarka ke buƙatar kuɗin tikitinka da muryarka, domin manyan 'yan wasa sukan watse, masu talla su ja baya, a bar yara ƙanana suna shan doguwar tafiya a mota. Barcelona ba ta san ka zo gidan kallo ko ba ka zo ba. Yaron da ke tsaron ragar garinku kuwa yana ganin kujerar da babu kowa. Kalli ƙwallon Turai, ba laifi, amma ranar wasan gida ka je fili.

Sai dai ka je da haƙuri. A kakar da Pillars ta faɗi, an zaftare mata maki saboda hargitsin da ya tashi a wasanta da Katsina United, aka kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. Mai jifan alƙalin wasa ko motar baƙi yana ganin kishi yake yi, alhali ƙungiyarsa yake tura wa rami. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau.

Sai saƙon wata baiwar Allah daga Funtuwa. Ta ce maigidanta ba ya ko cin abinci idan an ci ƙungiyarsa, tana son sanin ko wadda ta faɗi tana iya dawowa. Hajiya, ƙwarai kuwa. A babbar gasar Najeriya, a ƙarshen kowace kaka ƙungiyoyi huɗu na ƙasan teburi ke sauka, huɗu su hau daga gasar NNL, wato rukuni na biyu. Pillars da Katsina United tare suka faɗi a 2022, tare kuma suka dawo a 2023. Wasu sukan daɗe: Sunderland ta Ingila ta yi kaka huɗu a rukuni na uku kafin ta fita a 2022, ta koma Firimiya a 2025. Ki gaya wa maigida ya ci tuwonsa, Allah ya ba ƙungiyarsa sa'a a kaka mai zuwa.

Bari mu ɗan saurari saƙon talla, sannan mu buɗe wasiƙa ta uku.