Kwamfuta ɗaya, teburin aiki da yawa

Jama'a barkanmu da warhaka. Ku dubi fuskar kwamfutarku: burauza da shafuka birjik, ga Word, ga Excel, ga WhatsApp, wannan taga ta danne waccan. Duk aikin da za a koma wa sai an yi lalube. Alhali kuwa maganin abin yana cikin kwamfutar, kyauta.

Ana iya buɗe teburin aiki, wato desktop, filin da tagogi suke bayyana a kai, fiye da ɗaya a fuska guda. A Windows, ku danna maɓallin Windows da Ctrl da D tare. Kun gani? Fili fes. Tagogin ɗazu ba su rufe ba, suna can teburin farko suna jiran ku. Windows da Ctrl da kibiyar hagu, ga su nan yadda kuka bar su. Masu Mac kuwa Control da kibiya za su danna don sauyawa daga wannan tebur zuwa wancan.

Dabarar ta daɗe. Tun 1986 Austin Henderson da Stuart Card suka fito da irinta a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka, suka sa mata suna Rooms. Masu Unix da Linux sun sha cin moriyarta kafin Apple ya kawo Spaces a 2007. Microsoft bai waiwayo ta sosai ba sai 2015, a Windows 10.

To ina amfanin? Kowane aiki da mazauninsa. Rubutu da takardun da kuke dubawa a tebur na ɗaya, imel da hira a na biyu, kiɗa da sauran tarkace a na uku. Kafin ku ankara hannu ya haddace wuraren, ba sai ido ya nemo ba. Abin da ya fi burge ni shi ne Alt da Tab: a tsarin da Windows ya zo da shi, tagogin teburin da kuke kai kaɗai zai jero muku. Sannan abin da ido bai gani ba, ba ya ɗauke hankali. Hira tana can tana gudana, ku kuna nan kuna aiki. Ga mai laftof da ba shi da fuska ta biyu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A taron intanet ma yana rufa asiri: ku koma tebur mai tsabta kafin ku nuna wa mutane fuskar kwamfutarku. Amma fa ku kashe sanarwar saƙonni, don ita ba ruwanta da tebur, ko'ina faɗowa take yi.

Kada kuma a ɗauka kwamfuta za ta ƙara sauri. Manhajojin da aka kawar gefe suna nan suna cin RAM ɗinsu, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. A ganina tebur uku ko huɗu sun wadatar, in sun wuce haka laluben ya dawo sabo. Wanda kuka gama da shi, Windows da Ctrl da F4 zai rufe shi, tagoginsa su koma teburin da ke maƙwabtaka da shi.