Lacca: Bayanin manhaja a jikin kod ɗinta yake zama

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka gabatar wa ɗaliban kwamfuta a birnin Katsina.

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke gaba, Allah ya ƙara girma. Ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

A cikinku akwai wanda zai gaji manhajar da wani ya rubuta. Mai ita ya tafi bautar ƙasa, an miƙo maka fayiloli, an ce ka gyara lissafin kuɗin makaranta kafin Litinin. Kod, wato umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, yana aiki, amma babu mai gaya maka dalilin komai. In ma an taɓa rubuta bayani, yana can cikin wata takardar daban da ba a sake taɓawa ba, kod ya yi gaba ya bar ta.

An daɗe da samo maganin wannan. Kamfanin Sun ya fito da Javadoc tare da harshen Java a 1995. Kana rubuta sharhi a saman kowane guntun aiki: me yake karɓa, me yake mayarwa. Sai na'ura ta bi fayilolin ta tsinto sharhin, ta shirya shi shafi-shafi. A 1997 Dimitri van Heesch ya fitar da Doxygen, wanda masu harsunan C da C++ suka runguma. A 2008 Georg Brandl ya kawo Sphinx domin bayanan harshen Python, har masu kula da zuciyar Linux, wato ginshiƙin wannan babbar manhajar mai tafiyar da kwamfuta, suka koma kansa a 2016. Tunda bayanin yana manne da kod, mai gyara ɗaya idonsa na kan ɗayan.

Ga abin da ya fi shafarmu a nan. Idan Sphinx ya gina shafukan, yakan haɗa wani fayil mai suna searchindex.js, inda yake jera kalmomi da shafin da kowacce ta fito. Binciken a cikin burauzarka yake gudana, ba sai an tambayi wata uwar garke a Amurka ba. Ka kwafe foldar a filash, ka tafi da ita Daura ko Mashi, ko data ta ƙare za ka rubuta sunan aiki ya fito maka. Wanda ya san yadda sabis ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki ya san darajar wannan.

Sai dai ku ji ni da kyau, don nan ne nake ganin ana sakaci. Na'ura tattarawa take yi, ba ta ƙago bayani. In ka rubuta “wannan yana lissafin kuɗi” a kan aikin da sunansa ma lissafin kuɗi ne, ka ba ta fanko, fanko za ta buga. Rubuta abin da kod ba zai iya faɗa ba: me ya sa ake cire rangwame kafin a ɗora tara, me zai faru in an ba shi sifili, naira yake ƙirgawa ko kobo. Masu Python kuma ku sa misali a cikin bayanin, wani kayan gwaji mai suna doctest zai gwada shi, ran da ya daina daidai ya sanar da ku.

Wata ɗaliba ta tambaye ni ɗazu ko za a iya rubutawa da Hausa. Ƙwarai kuwa, hajiya, in dai fayil ɗin UTF-8 ne, tsarin adana rubutu da ya san haruffa irin su ƙ da ɗ. Amma Sphinx ba shi da tsarin gane saiwar kalmomin Hausa yadda yake da na Turanci da Faransanci, don haka mai neman “ɗalibi” ba zai ga “ɗalibai” ba. Haka ƙ da k haruffa biyu ne a wurinsa. Ku zauna da abokan aikinku tun farko ku tsayar da rubutu ɗaya, masu lanƙwasa kuma ku sa musu lanƙwasarsu.

Bayan la'asar kowa ya dawo da kwamfutarsa, za mu fara da sphinx-quickstart, umarnin da ke shirya Sphinx tun daga farko, a kan aikin da yake hannunsa yanzu.