Furofilin: yadda ake tsamo shi daga iskar masana'antu ba tare da ɓarnar makamashi ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Nima, Maamobi, Sabon Zango da sauran zangunanmu na Akra. In akwai kujerar roba ko bokiti kusa da kai, juya shi ka duba gindinsa. Sau da yawa za ka ga ɗan zane mai kusurwa uku da lamba 5 a ciki. Wannan lamba tana nufin folifurofilin. Da irin wannan roba ake saƙa buhun shinkafa da na masara, da ita ake yin murfin kwalabe da yawa, da sirinjin asibiti, da takunkumin da muka sha sakawa lokacin korona. Ledar fiya wata ba ta cikin wannan dangi, ita folietilin ce.

Asalin robar iska ce mai suna furofilin. Wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, shi ya fara ɗinke ƙwayoyinta suka zama roba mai ƙwari a 1954, kuma a 1963 shi da Karl Ziegler na Jamus suka karɓi kyautar Nobel. Yau duniya na samar da fiye da tan miliyan 100 na furofilin a shekara, kusan kashi biyu cikin uku a wannan roba yake ƙarewa.

Ba a haƙo furofilin daga ƙasa. Yana fitowa ne idan aka farfasa manyan ƙwayoyin mai da zafi, a matatar mai ko a masana'antar etilin (iskar da ake yin folietilin da ita), ko kuma idan aka zare haidurojin daga furofen da gangan. Ta kowace hanya aka bi, ba ya zuwa shi kaɗai. Furofen, wanda ke cikin gas ɗin da muke girki da shi, yana manne da shi. Dukansu kabon uku gare su. Furofilin na da haidurojin shida, furofen na da takwas. Bambancin ɗan kaɗan ne.

Mai yin roba kuwa ba ya karɓar gauraye. Tsarkin da yake nema ya kai kashi 99.5 cikin ɗari. Abin da ke fitowa daga matata yawanci bai wuce kashi 70 ba. Sannan akwai ƙananan guba, irin su ruwa da farar wuta da asinik, waɗanda ɗan kaɗan ɗinsu ya isa ya kashe sinadarin da ke ɗinke robar. Waɗannan ana tsotse su a tankuna cike da tsakuwoyi na musamman, kuma aikin bai cika cin wuta ba. Inda wahalar take shi ne raba furofilin da furofen.

Tsohuwar hanyar ita ce a tafasa, a kama tururi. Uwargida, kin san yadda ruwa ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya, gishirin miya kuwa ya zauna a ƙasa. Wannan rabuwa mai sauƙi ce domin ruwa da gishiri sun yi nisa da juna wajen tafasa. To furofilin yana tafasa a digiri 47.6 ƙasa da sifili, furofen a digiri 42 ƙasa da sifili. Tazarar ba ta kai digiri shida ba. In ka tafasa su sau ɗaya, tururin da zai tashi kusan daidai yake da abin da ka zuba, ɗan fifikon furofilin kaɗan ne a ciki.

Saboda haka ake maimaitawa. Ana gina hasumiyar ƙarfe, a jera faranti masu huji a cikinta, 150 zuwa 200 ko fiye. Tururi yana hawa ta hujin, ruwan sinadarin yana gangarowa daga faranti zuwa faranti, a kowane mataki suna cuɗanya, mai sauƙin tashi ya ƙara gaba kaɗan. Wasu hasumiyoyin sun kai mita 100, wasu kuma sai an raba su gida biyu a tsaya da su gefe da gefe. Abin da ya fi cin rai shi ne, duk kilo ɗaya na tsarkakken furofilin da aka ɗiba a sama, sai an mayar da kilo goma ko fiye cikin hasumiyar su sake zagayawa. Ana zuba zafi a gindi, ana kwashe shi a sama da ruwan sanyaya, ya tafi a banza, dare da rana. A 2016 masana biyu na jami'ar Georgia Tech a Amurka, David Sholl da Ryan Lively, sun rubuta a mujallar Nature cewa tsarkake etilin da furofilin kaɗai na cin kashi 0.3 cikin ɗari na makamashin duniya, kwatankwacin abin da ƙasar Singafo ke amfani da shi a shekara.

Dabarar farko ta rage wannan asara tana aiki tun tuni, kuma ita ce ta fi burge ni. Maimakon a sanyaya tururin da ya fito sama, sai a tura shi cikin injin matse iska. Duk wanda ya taɓa riƙe famfon keke bayan ya buga iska ya san iskar da aka matse tana ɗumi. Tururin da aka matse sai ya fi gindin hasumiyar zafi, a bi da shi ta bututu ya tafasa abin da ke ƙasa, shi kuma ya koma ruwa. Zafin da da za a zubar shi ne ya dawo ya yi aiki. Ku lura da wani abu: kusancin nan da ya sa rabuwar ta yi wuya, shi ne ya sa dabarar ta yi arha, domin sama da ƙasan hasumiyar ba su da tazarar zafi mai yawa, injin ba sai ya matsa da ƙarfi sosai ba. Akwai ƙarin riba. Tunda ba a dogara da ruwan sanyaya ba, ana iya rage matsin cikin hasumiyar, kuma a ƙaramin matsi sinadaran biyu sun fi saurin rabuwa. Sharaɗin dai shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, kuma mu da muka ga zamanin dumso mun san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Dabara ta biyu ita ce kama wanda ke sulalewa. Idan garin roba ya fito daga tukunyar haɗi, akwai sauran furofilin da ya maƙale a jikinsa. Ana hura masa naiturojin a kore shi. A da, wannan gaurayen iska bututun ƙonawa ake kai shi, wutar nan da ake hangowa saman masana'antu. Tun shekarun 1990 aka fara matse iskar, a sanyaya ta, a bi da ita ta wata siririyar fatar roba. Abin mamaki, babbar ƙwayar ce ke wucewa. Furofilin yana narkewa cikin fatar ya ɓulla ɗaya gefen, naiturojin kuwa ya tsaya. Dukansu biyu a mayar da su bakin aiki. Kamfanin MTR na Kalifoniya ya yi suna a wannan fanni.

Ta uku ita ce ake ta magana a kanta a jami'o'i: raba furofilin da furofen ba tare da tafasawa ba. Wasu suna sa azurfa cikin fatar tacewa, domin azurfa tana riƙe furofilin ta wurin wani ɗauri mai ninki biyu da ke tsakanin kabon ɗinsa, ta ƙyale furofen da ba shi da irin wannan ɗauri. Wasu suna ƙera sinadarai masu ramuka ƙanana ƙwarai, kamar ZIF-8. A 2016 masu bincike a jami'ar KAUST ta Saudiyya sun fito da wani mai suna KAUST-7, wanda ƙofar raminsa ke barin furofilin ya shiga, furofen kuwa ya kasa.

A nan sai a yi hattara da zumuɗi. Iskar ɗakin gwaji tsaftatacciya ce, ta masana'anta kuwa da datti take zuwa. Farar wuta tana lalata azurfa. Fatar roba tana kumbura idan furofilin ya yi mata yawa a babban matsi, ramukan su buɗe, komai ya wuce. Kuma abin da ya yi aiki a faɗin tafin hannu sai an shimfiɗa shi dubban murabba'in mita babu tsaga ko ɗaya, ya kuma jure shekaru. A ganina, hasumiyar ba za ta ɓace nan kusa ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne a haɗa su, fatar ta rage kaurin aikin, hasumiyar ta ƙarasa, ta yadda za a rage zagayen da wutar da yake ci.

Mu a Gana wannan magana ta shafe mu. Matatar Tema, wadda aka buɗe a 1963, tana da sashen farfasa mai irin wanda furofilin ke fitowa daga gare shi. A duk matatar da ba ta da hasumiyar raba shi, cikin gas yake tafiya a ƙona shi kamar kowane makamashi, alhali ya fi daraja a matsayin kayan roba. Masana'antunmu na Tema da Akra da Kumasi kuwa daga waje suke sayo ƙwayoyin folifurofilin, da dala, kuma duk motsin da dala ta yi a kan sidi sai ya bayyana a kuɗin buhu da bokiti a kasuwar Makola. Maƙwabtanmu na Najeriya sun riga sun shiga harkar: Indorama na yin wannan roba a Eleme kusa da Fatakwal, matatar Dangote ta Legas ma ta gina nata sashen. Ɗalibanmu da ke karatun injiniyan sinadarai a jami'ar KNUST ta Kumasi, duk ranar da aka kawo maganar gina irin wannan a nan, ku tambayi masu zanen wutar da kowane tan zai ci, da inda iskar da aka kora daga garin roba za ta nufa.