Kafin ka sake sayen kuloci, a duba fulawil

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Jamus nake magana, cikin garejin da nake aiki. An tashi, kowa ya tafi gida, shi ya sa kuka ji wurin tsit. Wannan ƙaton faifan ƙarfe da ke kan tebur shi ne fulawil. Bari in matso da kyamara ku ga fuskarsa da kyau, don yau a kansa za mu zauna.

Kawuna ne ya jawo wannan bidiyo, ƙanin mahaifiyata. Yana da Sharan mai shan dizal, yana lodi daga Bauchi zuwa Gombe, da ita yake ciyar da gida. An canza masa kuloci, ya biya kuɗin kaya, ya biya kuɗin aiki, ba a je ko'ina ba motar ta koma gidan jiya. Ya turo min saƙon murya rai a ɓace, yana cewa jabun kaya aka sa masa. Na ce, "Kawu, yi haƙuri, kar ka sayi komai tukuna. Kai ta wurin Baba." Baba shi ne maigidana da ya koya min riƙe sifana a Bauchi tun ina yaro, har gobe kuma in abu ya ɗaure min kai shi nake kira. Muka haɗu ta kiran bidiyo, su suna can a gaban mota, ni ina nan. Za ku riƙa ganin hotunan da suka turo a tsakiyar bayanin.

Me fulawil yake yi? Duk wanda ya taɓa kai markaɗe ya ga ƙaton gargaren ƙarfe da ke gefen injin niƙa, wanda ko an kashe injin sai ya ɗan jima yana juyawa. To shi ne dai a cikin mota, an ɗaure shi a gindin karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, tsakanin inji da giyabos. Fistin sau biyu yake hawa, sau biyu yake sauka kafin ya cika zagayen aikinsa, kuma a cikin huɗun nan sau ɗaya kacal wuta ke tura shi. Sauran ukun nauyin fulawil ne ke taimakawa a wuce su, shi ya sa inji ke tafiya sumul maimakon fizga-fizga. Ban da wannan, a fuskarsa faifan kuloci yake kamawa, kuma haƙoran da ke zagaye da bakinsa su kik ke cafka ya juya inji. Kun ga ƙarfe ɗaya, amma in ya lalace ta wurare daban-daban yake kuka, shi ya sa ake yawan ɗora laifinsa a kan wasu.

Mu fara da haƙora, don shi ya fi sauƙin ganewa. Ka murɗa mabuɗi, ka ji ƙara kamar ana gurza ƙarfe, inji bai juya ba. Ka sake, wataƙila ta tashi. Nan da nan sai a ce kik ne, a ciro shi a kai wa mai gyara. Tsaya tukuna. Inji mai silinda huɗu in an kashe shi, kusan kullum a ɗaya daga wurare biyu yake tsayawa, saboda matsin iska a cikin silinda. Ke nan kullum haƙoran wuraren nan biyu kik ke duka, su ne ke cinyewa, sauran suna nan lafiya ƙalau. Ku duba nan, kun ga waɗannan sun kwanta, bakinsu ya zama kamar an goge, amma ku ga na kusa da su. Gwajin ba ya cin ko sisi: kashe mota, sa giya ta uku ko ta huɗu, a ɗan tura ta kaɗan don fulawil ya gusa, mayar da giya fili, sannan ka yi kik. In ta tashi nan take, to haƙora ne. Kuma in an cire kik, ramin da ya bari taga ce: haska tocila, wani ya riƙa juya inji da hannu, ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya.

Na Kawu ba haƙora ba ne. Abin da ya ce shi ne, in ya cika fasinja a tasha zai tashi, sai motar ta kama rawa kamar za ta watse, har sai ya gama sakin kuloci. In tana silo kuma akwai wata ƙara kaca-kaca daga ƙasa. Na ce, "Baba, don Allah a sa yaro ya shiga, a kawo wayar kusa da giyabos." Aka tayar. Ƙarar tana nan. Na ce a taka kuloci: ta ragu. Wannan kaɗai ya wanke rilis boris, wato boris ɗin da ke danna kuloci in an taka, domin shi in ya mutu, sai an taka yake kuka, ba sai an saki ba. Sai na ce a kashe motar. Jama'a, ko ta waya na ji shi: ƙwal-ƙwal-ƙwal, sannan shiru. Baba ya kalli kyamara ya ce, "Ka ji abin da na ji?" Na ce na ji, Baba.

Duk da haka ba mu ce a sauke giyabos nan take ba. Baba ya sa ƙarfe ya ɗaga inji ya duba robobin da yake zaune a kansu, don in sun yage su ma suna sa mota rawa wajen tashi. Ya saurari silo ko akwai nozul da ba ya ba da mai daidai. Duka lafiya. Sannan aka shiga ƙarƙashi.

A nan ne nake son direbobi da makanikai su ba ni kunne, don fulawil iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana cin kuɗin mutane. Akwai na da, dunƙulen ƙarfe guda. Akwai kuma wannan da ke hannuna, mai hawa biyu. Kamfanin LuK na nan Jamus ne ya fara fito da shi a 1985, yanzu kuma kusan duk ƙaramar motar dizal mai giyar hannu da ta fito daga Turai shi ne a cikinta, har da masu fetur da yawa. Faifai biyu ne. Ɗaya yana ɗaure da karanshaf, ɗaya kuloci ke kamawa, a tsakaninsu akwai dogayen sifirin masu lanƙwasa, kwance cikin giris. Bugun dizal yana da ƙarfi, sifirin ɗin ne ke shanye shi kafin ya isa giyabos. Ku duba, in na riƙe na baya na juya na gaba, yana ɗan motsi, sai in ji sifirin ya tare ni. Wannan motsin ba lalacewa ba ne, haka aka yi shi. Yadda ake aunawa: juya shi hagu har ka ji sifirin, yi alama da alli, juya dama har ka sake ji, ƙirga haƙora nawa ya wuce. Kowane fulawil da iyakarsa a takardar kamfanin da ya ƙera shi, da lambar jikinsa ake nema.

Ga hoton na Kawu bayan an sauke. Kun ga cikin ƙoƙon giyabos, baƙin giris ya fantsama ko'ina, ga garin ƙarfe yana ƙyalli a cikinsa. Baba ya sa yatsa biyu ya juya faifan gaba, ya tafi can da nisa ba abin da ya tare shi, in ya girgiza shi kuma yana leƙe gaba da baya. Fuskar ta yi tabo shuɗi-shuɗi na zafi, ga ƙananan tsaga kamar gashi. Faifan kulocin da aka sa kwanan baya kuwa, ba jabu ba ne. Kaya ne mai kyau, an ɗora shi a kan fuskar da ta riga ta ƙone, ita ta cinye shi. Abin da ke damuna ke nan. Wanda ya canza kulocin nan ya ga fulawil ɗin da idonsa, yana gabansa, bai taɓa shi ba. Sauke giyabos na Sharan aikin yini ne, direban haya kuma duk yinin da motarsa ta kwana a gareji, daga bakin iyalinsa aka cire.

Sai Kawu ya ji farashin sabo, ya yi shiru. Can ya ce, "Ɗana, an ce min ana kai wa mai walda ya haɗe biyun su zama ɗaya." Na san ana yi, kuma ba na raina wanda ya yi, don rashin kuɗi ne ke kai mutum. Amma na ce masa, "Kawu, don girman Allah kar ka yarda." Faifan kulocin da ake haɗawa da mai hawa biyu yawanci ba shi da manyan sifirin a tsakiyarsa, saboda aikin yana cikin fulawil. In ka yi walda, babu sauran abin da zai shanye bugu, kai tsaye zai riƙa sauka a haƙoran giya da karanshaf. Sannan walda ba ta taɓa zama daidai ta kowane gefe, ga ƙarfe mai nauyi yana juyawa sau dubu biyu ko uku a minti, dab da ƙafafun direba. Ranar da waldar ta saki a hanyar Alkaleri da mota cike da mutane, ba maganar kuɗi za a yi ba. In dai ana son komawa dunƙule, akwai cikakken saiti da kamfanoni irin su Valeo ke yi, fulawil guda tare da faifansa mai sifirin. Motar za ta ɗan ƙara ƙara a silo, amma abu ne da aka auna.

Shi mai hawa biyu ba a kai shi a goge fuskarsa. Na dunƙule ne ake iya gogewa a injin sassaƙar ƙarfe in tsagar ba ta yi zurfi ba, kuma shi ne ake iya cire masa zoben haƙora a gasa sabo a zura, in ya huce ya kama.

Wajen neman kaya, Sharan ta farko da Ford Galaxy da Seat Alhambra a masana'anta ɗaya aka haɗa su a ƙasar Fotugal, saboda haka in injin da giyabos iri ɗaya ne, kayan suna shiga juna. Amma da lamba za ka saya, ba da ido ba. Wanda zai ɗauki na Beljiyam, ko a Bauchi ko an aiko masa daga Ƙofar Ruwa a Kano, ya yi masa gwajin allin nan a gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗi, ya kuma duba ko giris na tsatsa. Kawu dai ya daure, 'yan'uwa suka sa hannu, aka sayi sabo da saitin kulocinsa.

Ɗaurawa kuma, ga abin da muka bi da Baba. Kafin komai an cire kan batir, an tokare inji, motar kuma ba a kan jak kaɗai take ba. Da fulawil ya fita, sil ɗin bayan karanshaf, wato robar da ke tare baƙin mai, ya bayyana. In yana jiƙe da baƙin mai, yanzu ne lokacin canza shi, don ɗigo kaɗan a fuskar kuloci ya isa ya dawo da rawar nan. Na Kawu ya fara gumi, aka canza. Ƙurar kuloci kar a hure ta da baki ko da iska, tsofaffin faifai wasu da asbestos aka yi su, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Sabon fulawil yana zuwa da ɗan mai a fuska don kar ya yi tsatsa, a goge fuskar tas.

Notuna shida ne a wannan injin, ramukansu kuma ba daidai suke da juna ba, ta fuska ɗaya kawai yake zama, kar a tilasta shi. Notunan nan in an ɗaure su miƙewa suke yi, shi ya sa ba a maimaita tsofaffi. A injin 1.9 TDI ana ɗaure su zuwa 60 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, sannan a ƙara kwatan juyi, wato digiri 90, ana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa, ba bi da bi ba. Na san gareji da yawa a gida ba su da sifanar awo, da bututu ake ƙara tsawon hannu a ja har sai an gaji. Baba aro ya aika aka yi, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai. Ni a ganina makanikai uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya ya fi musu komai.

Masu Golf 3 mai ƙaramin inji, naku a juye yake: murfin kuloci ne ke ɗaure da karanshaf, fulawil ya biyo baya ya rufe. Masu otomatik kuma naku faranti ne siriri, shi tsagewa yake yi a kewayen notuna.

Faifan kuloci yana da gaba da baya, an rubuta a jikinsa gefen da ke kallon giyabos. A daidaita shi tsakiya, Baba da wani tsohon shaf na giya yake yi, kuma yana yi daidai. Giris ɗan kaɗan a haƙoran shaf, a share abin da ya yi saura. Wajen mayar da giyabos kar a bar nauyinsa ya rataya a kan faifan, kar kuma a jawo shi da noti in ya ƙi shiga. In ya ƙi, akwai abin da bai zauna ba.

Da yamma suka turo min bidiyon gwaji. Ga shi nan, ku saurara. Silo lafiya, an kashe, babu ƙwal-ƙwal.

Kawu, na san za ka kalli wannan, saura naka. Kwanakin farko a bi ta a hankali, kar a cika mata lodi har sai faifan ya zauna. Ƙafa ta sauka daga kan kuloci in ba giya za a canza ba, a gosulon Wunti ma a mayar da giya fili maimakon a riƙe ta da rabin kuloci. In kana hawa da kaya, kar ka bar ta a babbar giya inji yana kakari don tsimin mai, wannan kakarin sifirin ɗin ciki yake karyawa, sauko da giya ɗaya. Batir ɗinka kuma na ji yadda yake jan kik da ƙyar, a canza shi cikin satin nan, domin inji in yana juyawa a hankali wajen tashi, a lokacin ne fulawil mai hawa biyu ya fi shan duka.