Darasi: Yadda ake karanta hatimin wasiƙun jirgin yaƙi Reuben James

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ambulan ne a gabanmu, na wasiƙun da aka aiko daga jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Reuben James, mai lamba DD-245. Mai son tara irin waɗannan ambulan dole ya fara sanin inda jirgin yake a kowace shekara, domin da tarihin jirgi ake auna gaskiyar hatimi.

Jirgin irin distiroya ne, wato masu gudu da ke rakiyar manyan jirage, mai bututun hayaƙi huɗu, tsawonsa kusan mita 96. An ƙera shi a Camden ta jihar New Jersey, ya fara aiki ranar 24 ga Satumba 1920. Sunan wani sojan ruwa aka sa masa, wanda ya yi yaƙi a gaɓar Tarabulus a 1804. An ajiye jirgin a Janairun 1931, aka dawo da shi aiki a Maris 1932. Ku riƙe wannan giɓin. Daga ƙarshen 1934 zuwa farkon 1939 San Diego ce mazauninsa, sannan ya koma tekun Atlantika. Ranar 31 ga Oktoba 1941, yana rakiyar ayarin jirage HX 156 a arewacin tekun Atlantika, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-552 ya harbe shi. Kimanin mutum 100 suka rasu, hafsoshinsa babu wanda ya tsira, kuma a lokacin Amurka ba ta ma shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba tukuna.

To, mu zo kan hatimi. Tun 1908 doka ta ba jiragen sojan ruwan Amurka damar buɗe gidan waya a cikinsu, ana naɗa sojan ruwa ɗaya ya zama akawun wasiƙu. Wani likitan sojan ruwa, Francis Locy, shi ya kasa hatiman zuwa nau'i-nau'i a 1929, kuma har yau da lissafinsa ake aiki.

Ku duba siffar hatimin. Da'ira ce a hagu, sunan jirgi a cikinta, kwanan wata a tsakiya. A dama kuma sanduna ne da ke soke kan sarki don kada a sake amfani da shi. Ku ƙirga sandunan. In huɗu ne, nau'i na 1 ko na 2 ke nan. In uku ne masu tazara, kun shiga dangin nau'i na 3, kuma shi ya fi daɗin nazari, saboda a tsakanin sandunan akawu yake jera haruffan roba ya rubuta tashar da jirgi yake, ko sunan wani biki kamar Ranar Sojan Ruwa ta 27 ga Oktoba. Mai da'ira biyu babu sanduna nau'i na 9 ne, na rajista da takardun kuɗi. Wanda aka yi wa zane na musamman ana ce masa nau'in F. Tunda yawancin hatiman na roba ne, suna kumbura da tsufa, haruffa su yi kauri, sanduna su karkace, wani lokaci akawu ya sa lambar rana a kife. Wannan ba alamar jabu ba ce.

Yanzu gwaji. Na farko kwanan wata: hatimin da ya faɗa tsakanin Janairun 1931 da Maris 1932, jirgin yana ajiye, babu gidan waya a buɗe, sai a yi taka-tsantsan. Na biyu kan sarki: kuɗin wasiƙar cikin gida santi 2 ne har zuwa farkon Yulin 1932, daga 6 ga watan ya koma santi 3. Ambulan rufaffe na 1936 da kan sarkin santi 2 kaɗai yana buƙatar bayani. Na uku, rubutun tsakanin sanduna ya dace da inda jirgin yake a wannan watan.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne jirage uku ne suka ɗauki wannan suna. Akwai DE-153 da ya fara aiki a 1943, da FFG-57 na 1986. Izinin da aka ba sojoji su aika wasiƙa kyauta, su rubuta FREE a gurbin kan sarki, a 1942 ya fara. Saboda haka ambulan mai FREE ba zai taɓa zama na jirginmu ba, domin ya riga ya nutse. Haka kuma a lokacin yaƙi an cire sunayen jirage daga hatimi aka sa U.S. NAVY kawai, abin da ake ƙara wa harafin z a lissafin Locy. A irin wannan, adireshin mai aikowa da ke kusurwar hagu ta sama shi ne shaidarku, tare da tambarin mai tace wasiƙu.

Za ku ga ambulan da yawa masu zane a gefen hagu, tsaf-tsaf, babu komai a ciki sai kati. Masu tara hatimi ne suke aika wa akawu ya buga musu ya mayar, abin da ya bunƙasa bayan kafa ƙungiyarsu ta USCS a 1932. Suna da kyau, amma a ganinmu wasiƙar da sojan ruwa ya rubuta wa gida, ko da ta yamutse, ta fi su daraja.

Kada ku jiƙa ambulan don ɓare kan sarki, kun raba shi da hatiminsa ke nan. Kada ku liƙa salatif, yana barin tabo ruwan ɗorawa da ba ya fita. Bayani da fensir mai laushi ake rubuta shi a baya, a sa ambulan cikin leda marar sinadarin PVC, a ajiye nesa da rana da lema.