Lacca: Wa Aka Ƙirga a Lissafin Ribar Aiki?

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke gaba, shugabannin ƙungiyoyi, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin raya gari ya san takardar nan. Za a kawo ta da kauri, bango na sheƙi, a ce masana sun auna, aikin zai samar wa mutum kaza abin yi, kuɗi kaza za su shigo gari. Shi ake kira binciken tasirin aiki kan tattalin arziki. Ban zo in ce ku jefar da ita ba, tana da amfani. Amma kafin ku duba jimlar da ke shafin ƙarshe, ku tambaya: daga ina zuwa ina aka ƙirga?

Mu ɗauki madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin Audu Baƙo. Wanda ya bi hanyar Zariya da rani ya ga Kadawa da Kura shar da kore, ya ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan, ba zai ce Tiga ba ta yi rana ba. Ta yi. In ka tsaya a nan ka yi lissafi, riba za ka gani zalla.

To amma ruwan nan da aka tare, da can ina yake zuwa? Kogin Haɗeja yake bi, ya malale a fadamun Haɗeja da Nguru. Malalar nan ita ce jarin mutanen wurin. Da ita ake shinkafa, in ruwa ya janye a shuka wake a danshinsa, masunta su kama kifi, Fulani su sauko da shanu da rani, mata su samu itace da kabar saƙa. Yawancin wannan ba ya shiga littafin gwamnati, don kifin da aka ci a gida ba shi da rasit. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa, malalar ta sake raguwa.

A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka zauna suka yi wa noman fadama da kamun kifi da itacen girki kuɗi. Dabararsu ita ce auna riba da yawan ruwan da aka sha, tunda ruwan ne abin rabo. Sai ga shi fadama ta fi noman ranin Kano amfana da kowane ɗigo, nesa ba kusa ba. A 1998 shi da Julian Thompson suka nuna cewa ƙarin ribar manyan ayyukan ban ruwa ba za ta cike fiye da kusan kashi 17 cikin 100 na asarar da ake yi a fadamun da ke ƙasan kogin ba. Kogi ɗaya ne fa, bakin iyakar lissafin kawai aka matsar.

Ban ma taɓo kachala ba, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa tun da aka canza wa kogin tafiya. Na Nguru da ke zaune a nan sun fi ni saninta.

Akwai wata kuma, a taƙaice. Za a ce muku kowace naira da aka kashe a aikin za ta juya ta haifi biyu ko uku a gari. Ku tambaya, siminti daga ina, direban katafila ɗan ina? In duk daga waje suke, nairar kwana ɗaya za ta yi ta kama hanya.

Har yau ana ja-in-ja kan madatsar Kafin Zaki a kogin Jama'are. Bauchi na so, Yobe da Borno na tsoron abin da zai rage musu, kowa kuma da takardarsa a hannu. In irin wannan ta zo gabanku, ku buɗe shafin taswira tukuna, ku nemi sunan garinku da na garin da ke ƙasanku a bakin kogi.

Na ga shugaban taro yana duba agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.